Sikelin Pak Tugiman Ba Ya Ƙarya

Shekara talatin da huɗu Pak Tugiman ya yi yana awon shinkafa a kasuwa, har ranar da aka kawo sikeli mai batir wanda ko ɗan yaye zai iya aiki da shi. Aka ba shi gwangwanin biskit da takardar godiya, aka ce ya je ya huta. Ya dawo unguwar Karangwuni, inda ake kiran magidanci Pak, matar aure kuma Bu, da tsohon sikelinsa na ratayawa a kafaɗa, da kuma bakinsa, wanda shi dai ba a yi masa ritaya ba. In ana maganar kuri, to a bar wa Tugiman. Ya ce da ido kawai yake gane nauyin buhu. Ya ce ya taɓa auna saniya tana tafiya, bai kuskure da ko rabin kilo ba. Wanda ya yi musu sai ya ce ya je ya tambayi saniyar.

Abu ɗaya ne ba ya kurinsa: Pak Tugiman bai iya karatu ba. Lamba kam ko a duhu zai gane ta, amma haruffa a wurinsa tururuwa ce aka watsa a takarda. Yana da tabarau rataye a wuya, kullum gilashin ya yi rauni, kullum mako mai zuwa za a canja. In aka kawo takardar gayyata, matarsa Bu Warsini ce ke karanta masa a ƙuryar ɗaki, ya haddace, ya fito baranda ya karanta wa maƙwabta da ƙarfi. A iya saninsa, wannan sirri daga shi sai ita sai Allah, kuma ya gwammace ya mutu da wani na huɗu ya ji.

Ana nan sai 'ya'yan unguwa da ke aiki a birnin Jakarta suka aiko da katan shida na tsofaffin littattafai, wai a buɗe wa yara ɗakin karatu. Mai unguwa, Pak Darmo, ya tara mutane a barandarsa, aka raba shayi da dafaffiyar gyaɗa. Ya ce an ba da ɗakin da ke gefen masallaci, kuma nan da mako uku Bu Camat, shugabar gunduma, za ta zo ta gani da idonta. Abin da ya rage shi ne wa zai riƙe makulli, ya tsara wane littafi ya dace da wane yaro.

Kowa ya waiwaya ya dubi Bu Sumiyem, wadda ta koyar da rabin unguwar a firamare kafin ta yi ritaya, shi ya sa ake ce mata Bu Guru, wato Malama. Ta ciro wata takarda daga jaka ta gyara murya.

"Na ɗan rubuta wani abu. Daga shekara biyu zuwa biyar, masu manyan hotuna da 'yan waƙoƙi. Shida zuwa tara, gajerun tatsuniyoyi. Goma zuwa sha biyu, labaran kasada da na dabbobi. Daga sha uku kuwa..."

"A gafarce ni, Bu Guru," in ji Pak Tugiman yana miƙewa. "Shekara? Wa ya taɓa ganin shekara da idonsa? Rabin yaran nan an rage musu shekaru don shiga makaranta, rabi an ƙara musu don hawa babur. Shekara tana ƙarya. Sikeli ba ya ƙarya."

"To yaya kake so a yi, Pak?"

"Da sauƙi. Ƙaramin yaro, littafi marar nauyi. Babban yaro, littafi mai nauyi. Kowane kilo goma na yaro, giram ɗari na littafi. Ilmi kamar shinkafa yake, kowane ciki da mudunsa."

Ya miƙa hannu ya karɓi takardarta, ya ɗora a tafinsa, ya ɗan jijjiga ta sama da ƙasa.

"Giram huɗu. Shekara talatin kina koyarwa, Bu Guru, abin da kika tara giram huɗu ne."

To, mu mutanen nan haka Allah Ya yi mu. In dattijo ya miƙe ya zuba shirme a taro, ba wanda zai dube shi ya ce a'a. Sai a sunkuyar da kai, a yi murmushi, a ce "inggih", wato to, kowa ya tafi gida ya yi gulmarsa da matarsa. Haka aka yi. Pak Darmo ya ce inggih, liman ya ce inggih, har Bu Sumiyem ta ce inggih, ko da yake nata ya fito ne ta tsakanin haƙora. Shi kuwa gogan naka ya ɗauka yabo ne, kansa ya ƙara kumbura. Ya karɓi makulli ya ɗaga shi sama.

"Ku zama shaida. In Bu Camat ta zo ta ga aibu ko na ƙwayar shinkafa ɗaya, ni da kaina zan shiga sikelin nan a rataye ni. Littafin da nauyina ya ba ni, in karanta shi da ƙarfi a gaban kowa, in miƙa wa Bu Guru makulli."

Bu Warsini ta shaƙe da shayi, sai da aka bubbuga mata baya.

Suna shiga gida ta rufe ƙofa.

"Pak, wai me ya kai ka? Kai da ko sunan titinmu sai na faɗa maka?"

"Yi a hankali, Bu, bango na da kunne. Ai shi ya sa na kawo awo. Mai awo ba ya buƙatar buɗe buhu."

"Rantsuwar fa? Ka ce za ka karanta da ƙarfi."

"In an ga aibu na ce. Ina za a ga aibu? Ba ni ƙaramin sikelinki na kek."

"Ramin ƙarya dai ƙurarre ne."

"Nawa mai faɗi ne, shekara sittin da biyu ina ciki ban taɓa buga kai ba."

Kwana biyu ya yi yana auna littattafai, yana rubuta nauyin kowanne a bango da jan alƙalami, yana jera su a kanta daga mafi sauƙi zuwa mafi nauyi. Ranar Lahadi ya rataye babban sikeli a azarar ɗakin, ya ɗaura masa zani kamar yadda mata ke yi ranar awon jarirai na wata-wata. Iyaye mata sun saba da wannan, saboda haka suka zo da 'ya'yansu a layi ba gardama.

Na farko wani ɗan shekara biyu ne, kilo goma sha ɗaya. Pak Tugiman ya je kanta ya zaro wani siririn littafi ya miƙa wa uwar da hannu biyu. Ta juya shi gaba da baya.

"Pak, wannan ai na gyaran injin jan ruwa ne."

"Giram nawa ne?"

"Ban sani ba."

"To ni na sani. Ɗari da goma cif. Ki riƙa karanta masa kafin barci. Na gaba."

Ta ce inggih, ta saɓi ɗanta. Matsalar ita ce, a duniyar nan siraran littattafai ba na yara ba ne. 'Yan yaye suka tashi da jadawalin jirgin ƙasa, da yadda ake kiwon tarwaɗa a duro, da ƙa'idojin neman fansho. Wata 'yar shekara bakwai mai ƙwazo, Ningsih, wadda ba ta barin rubutu ko a jikin kwalin sabulu sai ta karanta, ta hau sikeli ta yi kilo goma sha takwas. Ta samu ɗan littafin yadda ake wanke gawa da yi mata sutura, ta rungume shi ta tafi tana tsalle.

Sai Bejo, ɗan Yu Partinah mai suyar ayaba a bakin lungu. Shekararsa tara, amma duk abin da bai sayu ba shi ke sharewa, don haka da ya shiga zani sai da azara ta yi ƙara. Kilo arba'in da ɗaya. Aka danƙa masa littafin rabon gado, ya tafi yana karantawa yana gyaɗa kai kamar alƙali.

Samari da 'yan mata kuwa, su da ke da nauyi, suka faɗa kan kanta ta ƙarshe. Me ya fi littafin jarirai nauyi, wanda kowane shafinsa kwali ne mai kaurin yatsa don kada a yaga? Margono, ɗan shekara goma sha bakwai mai sabon gashin baki, ya yi kilo hamsin da biyu. Aka ba shi littafin koyon haruffa mai shafi takwas, da agwagwar roba manne a bango, wadda in an matsa take kuka.

"Mbah, ni fa bana zan gama sakandare," in ji Margono. Mbah, wato kaka, haka yara ke kiran kowane tsoho.

"Madalla. Giram ɗari biyar da ashirin. Ka ga dai ban rage maka ba."

Margono ya cusa shi a ƙarƙashin kujerar babur don kada a gani. Amma titin Karangwuni duk rami ne, kowane rami agwagwa sai ta amsa. Kafin la'asar 'yan mata sun raɗa masa Mas Agwagwa, wato Malam Agwagwa. Ya dawo da littafin ya ajiye a kanta, ya ce shi da karatu sai a lahira.

Ba kowane yaro ne ke faɗawa daidai kan littafinsa ba. Wani littafin ya fi da giram talatin, wani ya gaza da ashirin. Amma wannan ba ya tayar wa tsohon mai awo hankali. In buhu ya yi yawa me ake yi? A ɗiba. Sai ya kama ƙarshen littafin ya yage shafuka har allura ta tsaya inda yake so. In ya gaza, ya ɗebo daga kwandon yagaggu ya cike, ya danna masa ƙusar takarda. In uwa ta yi masa fara'a, har gyara yake ƙara mata, shafi biyu ko uku. Haka aka samu labarin wani yaro da ya ɓata a daji, damisa ta taso masa, ka juya shafi sai ka ga yadda ake haɗa kek ɗin rogo.

Kwando ya cika ya tumbatsa. Yu Partinah ta leƙo ta ce ko za a ba ta na naɗe suya, tunda jarida ta yi wuya. Ya ce ta kwashe, sadaka ce. Bayan kwana biyu wani yaro ya sayi ayaba, ya buɗe ƙunshi, ya tarar da damisarsa a ciki, an harbe ta. Labari ya bazu. Kafin ka ce kwabo layi ya kai bakin titi.

"Yu, ayaba biyu, a naɗe min da shafi na casa'in da bakwai."

"Ni ina suya ne ko ina aikin laburare? Abin da hannuna ya kama shi za ka samu."

"To ƙaro biyu, wataƙila a dace."

Pak Tugiman ya tsaya daga nesa, hannu a baya, yana nuna wa duk mai wucewa.

"Ka gani? Shekara talatin Bu Guru na bin yara da bulala su yi karatu. Ni mako guda, ga su suna karatu har a bakin kasko."

Sai dai mai cin soyayyar ayaba shida a rana ba ya zama a nauyinsa. Lahadi ta zagayo, aka sake awo, duk wanda ya samo ƙarshen labarinsa ya ƙara kilo, aka ƙwace littafin aka ba shi na gaba. Yara suka gano bakin zaren. Wasu suka fara zuwa da duwatsu a aljihu don su tsallake littafin cututtukan awaki. Wata yarinya ta ɗauki azumin Litinin da Alhamis, uwarta na ta godiya ga Allah, ashe so take ta tsaya a kilo talatin har ta gama labarinta. Ɗan shekara biyun nan kuwa ya ƙi barci sai an karanta masa abin da ake yi in inji ya ƙi jan ruwa.

Iyaye mata suka yi ta zuwa, amma ba wurinsa ba. Ta ƙofar baya suke bi, su zauna da Bu Warsini a kicin, su yaba mata tukwane, su tambayi ciwon gwiwarta, sai za su tashi su ce, "Af, Bu, dama littafin nan..." Ita kuma ta kai masa.

"Pak, unguwa fa ta gaji."

"Wa ya ce? Duk wanda na tambaya inggih yake cewa."

"Kai ba ɗan garin nan ba ne? Ba ka san inggih iri nawa ce ba?"

"Hassada ce. In ka ga ana jifan bishiya, 'ya'ya gare ta."

Bu Sumiyem ma ta zo sau ɗaya, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kantoci kamar mai kallon gonarta da awaki suka shiga.

"Pak Tugiman, ka taɓa buɗe ko ɗaya daga cikinsu?"

Ya dake, ya shafa tabarau.

"Duk na bi su, Bu Guru. Wasu sau biyu."

"Wanne ya fi burge ka?"

"Na giram ɗari uku da saba'in. Akwai darasi a ciki."

Ta dube shi, ta ce inggih, ta tafi.

Ranar zuwan Bu Camat aka share lungu, aka kafa tutoci, aka shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, aka jera kwalayen kayan ciye-ciye. Pak Tugiman ya sa rigar batik mai zane-zane ta bikin 'yarsa, makulli rataye a wuya kusa da tabarau. An ce ƙarfe tara. Sha ɗaya ta yi ba mota ba alamarta. Manya suka koma inuwar barandar masallaci suna fifita, suka bar yara a ɗakin karatu. Mbah Poniyem, kakar Bejo, tsohuwa mai agwagi goma sha biyu da baki kamar reza, ta shiga ɗakin ta miƙe a kan bencin gora, barci ya sace ta, baki a buɗe.

Ningsih ta zo ta tsaya a kan tsohuwar. Ta buɗe littafinta ta duba, ta dubi tsohuwa, ta sake duba littafi. Ta kira ƙawayenta. Komai suka yi a tsare, shafi bayan shafi, cikin ladabi da raɗa. Suka haɗe mata hannuwa a ƙirji, suka ɗaure haɓa da ɗankwali, suka sa auduga a kunne. Likkafani ne babu, sai suka janye farin ƙyallen tebur. Bejo ya leƙo ya ga abin da ake ciki, ya yi hawaye biyu, sannan ya ce haƙƙi haƙƙi ne, ya ruga ya koro agwagin kakarsa.

Daidai lokacin motar Bu Camat ta tsaya. Aka yi ta gaisuwa da sunkuye-sunkuye, Pak Tugiman ya shige gaba yana share hanya da hannu.

"Bismillah, Bu. Abin da za ki gani yau, ko a Jakarta babu irinsa. Yaro ya karanta, nan take ya aikata."

Ya tura ƙofa. Ga gawa a shimfiɗe cikin farin ƙyalle, ga 'yan mata huɗu a zaune sun sunkuyar da kai, ga Bejo a tsakiyar ɗaki da littafi a hannu yana ware agwagi kashi-kashi.

"Kawu Paidi shida, mamata uku, gwaggo uku. Namiji rabon mata biyu. Kar wanda ya taɓa, ban gama ba."

Bu Camat ta dafa ƙirji.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Pak Darmo, ai da kun sanar da ni an yi rashi, da an ɗaga taron."

Yu Partinah ta kutsa ta ga ƙafar uwarta ta leƙo daga ƙyalle, ta kurma ihu. Ihun ne ya ratsa auduga. Gawa ta yi atishawa, ta tashi zaune. Direban Bu Camat, wanda ya shigo da kwandon kyauta, ya saki kwandon, ba a sake ganinsa ba sai a bakin gada.

Mbah Poniyem ta fizge ɗankwali daga haɓa, ta zaro auduga, ta dubi agwaginta.

"Wane ɗan banzan ne ya kashe ni ban sani ba?"

"Mbah, kin cika duk alamomin shafi na uku," in ji Ningsih cikin ladabi.

"Kai kuma, tulu, uban wa ya ba ka agwagina?" tsohuwa ta ce wa Bejo.

"Mbah, tunda kin dawo, rabo ya ɓaci. Yana nan a babi na biyu."

Tsohuwa ta rarumi tsintsiya. Agwagi suka watse, biyu suka haye tebur suka faɗa wa kwalayen ciye-ciye. Sai da liman ya shiga tsakani aka samu ta zauna tana haki.

Bu Camat ta karɓi littafin hannun Ningsih ta duba, ta karɓi na Bejo ta duba. Ta zaro wani daga kanta, ta ga rabinsa tatsuniya rabinsa kiwon tarwaɗa.

"Wa ya zaɓa wa yaran nan waɗannan?"

"Ni ne, Bu," in ji Pak Tugiman, amma muryar ta ɗan sauka. "A kimiyyance."

"To in na kawo maka 'yata mai shekara takwas, me za ka ba ta?"

"Kilo nawa ce?"

Bu Camat ta juya ta dubi mai unguwa. Ita ba 'yar nan ba ce, daga birnin Medan mai nisa aka turo ta, can kuwa ba su san inggih ba.

"Pak Darmo, wannan shirme ne. Tunda nake ban taɓa ganin shirme mai tsari irin wannan ba."

Sai Mbah Poniyem ta nuna sikeli da tsintsiya.

"Ya rantse a gabanmu. In an ga aibu, a rataye shi ya yi karatu. Ni dai an yi min sutura da raina, ba inda zan je sai na ga an auna shi."

Pak Tugiman ya dubi matarsa. Bu Warsini ta dubi ƙasa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Margono da abokansa suka ɗaga shi cak, da murnarsu, suka zuba shi a zani. Ya nutse ciki, ƙafafu a sama, kai kawai ya leƙo, yana juyawa a hankali kamar buhun da aka rataye. Pak Darmo ya matsa dutsen sikeli.

"Hamsin da biyu."

Margono bai jira an aike shi ba. Ya san hanya. Ya ɗauko littafin giram ɗari biyar da ashirin ya ɗora masa a ciki, agwagwa ta yi kuka.

"Karanta, Pak," in ji Bu Camat.

"Tabarau ɗina ya yi rauni, Bu."

"Kowane harafi a nan ya kai tafin hannunka."

Ya buɗe shafin farko. Harafi ɗaya ne tal, ja, ƙato, ya cika shafin. Ya zuba masa ido, harafin ma ya zuba masa. Ya ɗaga littafin a tafinsa ya jijjiga, don abin da ya iya ke nan. Zani ya juya da shi ya fuskanci bango, ya sake juyowa da shi ya fuskanci jama'a, duk unguwa na tsaye. Kunya ta rufe shi har ya ji da ma azarar ta karye ta danne shi. Da ya ga ba mafita, sai ya yi abin da ya saba, ya buɗe baki.

"To ku ji. Ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba. Shekara sittin da biyu ban karanta harafi ɗaya ba, na aurar da 'ya'ya uku, na riƙe ɗakin karatu mako uku, kuma ba mahalukin da ya gane. Wane ne a cikinku zai iya wannan?"

Ya jira a yi salati, ko a yi dariya. Ba wanda ya yi ko ɗaya. Mutane suka shiga kallon yatsun ƙafarsu. Pak Darmo ya yi tari.

"Pak Tugiman, a gafarce ni. Ai mun sani."

"Kun san me?"

"Tun bikin Paidi," in ji Yu Partinah. "Ka tsaya a baranda ka karanta mana gayyata tiryan-tiryan, alhali takardar da ke hannunka ta maganin tsutsar ciki ce."

"Bikin Paidi? Ai wannan shekara ashirin da shida ke nan."

"Da bakwai," in ji liman.

"Duk kun sani? Har yara?"

Ningsih ta gyaɗa kai. Ya leƙo daga zani ya nemi matarsa.

"Bu, ke ma kin san sun sani?"

"Ni suke ba wa takardunka tun a hanya, Pak, don in riga in karanta maka."

"To don Allah me ya hana ku faɗa min?"

"Haba, Pak," in ji Pak Darmo. "Ai ba ladabi."

Wannan ta fi komai yi masa ciwo. Shekara ashirin da bakwai yana gadin ƙofa, ashe ɗakin ba bango. Ya cire makulli daga wuya ya miƙa daga cikin zani, Bu Sumiyem ta karɓa da hannu biyu. Aka tafi cin abin da agwagi suka rage, sai da aka raka Bu Camat mota aka tuna ba a sauke shi ba.

Mako guda Bu Sumiyem ta yi tana gyara. Ta bi gida-gida da kaskon Yu Partinah tana tattaro shafuka, ta ɗinke kowanne a mazauninsa, har yau in ka buɗe wasu ƙamshin ayaba ke tashi. Ta jera kantoci yadda 'yar takardarta mai giram huɗu ta ce. Margono ya samu labarin tafiyar teku ya shige ɗaki da shi, Ningsih ta samu tatsuniyoyi, Mbah Poniyem kuwa ta daina barcin rana a waje.

Pak Tugiman bai fito ba sai ranar Lahadi. Ya zo da safe, hannu a baya, ba tabarau, ya tarar da 'yan shekara huɗu da biyar zaune a tabarma.

"Na zo duba aiki ne kawai, Bu Guru. In ga ko kin ɓata min tsari."

"Na ɓata duka, Pak. Sai guda ɗaya."

Ta miƙa masa littafin agwagwa.

"A duk unguwar nan, kai kaɗai sikelinka ya zaɓa wa daidai."

Ya karɓa ya jijjiga shi a tafi. Ya dubi ƙofa, ya dubi tabarma. Sannan ya tattare zaninsa ya zauna tsakanin wasu 'yan biyu masu majina, ya ture ɗaya da gwiwa don ya samu wuri.

"Kun ji dai da kunnenku," ya ce wa yaran. "Na faɗa tun farko, sikelina ba ya ƙarya. Kai, matsa. Bu Guru, wannan jan ƙaton na shafin farko, wa sunansa?"